Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafin Da Ya Koyar A Masar

 

Yau tarihin wani malami na kawo muku, kuma ga dalili. Sau da yawa in aka tambayi yarinya darasin da ta fi tsoro a makaranta, lissafi za ta ambata. In ta kawo kuka gida, sai uwa ta rarrashe ta da cewa ai abin na Turawa ne, ko kuwa na maza ne, kada ta wahalar da kanta. Daga nan sai yarinya ta saki jiki. Ranar da ta gama sakandare ta nemi shiga karatun likita ko injiniya ko haɗa magunguna, sai a ce mata ba ta da kiredit a lissafi, ƙofa ta rufe. To, mutumin da za ku ji labarinsa ɗan ƙasar nan ne, a nan ya yi karatunsa, har ya kai manyan malaman Masar suna zama gabansa suna ɗaukar darasi.

Asalinsa da karatunsa

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, mutumin ƙasar Katsina. Larabawa suna kiransa Alkashnawi, watau Bakatsine, domin a rubutun Larabci na da Kashina ake rubuta sunan garin. Ya yi zamaninsa a farkon ƙarni na 18, lokacin sarakunan Haɓe. Ya rasu da shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Ku mutanen Daura ba baƙonku ba ne. Tsakaninku da Katsina kimanin kilomita 80 ne, a labarin Bayajida kuma Kumayo ɗan Bawo, wanda ya tafi ya mulki Katsina, jikan Magajiya Daurama ne. Ashe ɗan ɗaki ne.

Katsinar da ya tashi ya tarar gari ne na fatauci da karatu. Bayan da sojojin Maroko suka karya daular Songhai a 1591, sai ayarin raƙuma masu ƙetare Sahara suka ƙara karkatowa ƙasar Hausa. Tare da gishiri da tufafi, raƙuman nan suna kawo takarda da littattafai. Garin ya riga ya yi manyan malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, ga kuma hasumiyar Gobarau tana nan tsaye har gobe.

Muhammadu bai fara da lissafi ba, da harshe ya fara. Ya lizimci wani malami mai suna Muhammadu Fodu har kimanin shekara 4, in malamin yana gida yana tare da shi, in ya yi tafiya ya bi shi. A wurinsa ya karanta nahawu da sarfu da littattafan adabi. Ya haddace Muƙamatul Hariri, littafin nan mai wuyar kalmomi wanda har yanzu ake karantawa a zaurukanmu, har ya zamana in an ambaci kalma ɗaya daga ciki sai ya kawo wadda take gabaninta ba tare da ya tsaya tunani ba. Saboda ƙwarewarsa a nahawu malamin ya riƙa kiransa Sibawaihi, watau sunan babban malamin nahawun Larabci na ƙarni na 8. Wannan ya kamata 'yan makaranta su lura da shi, domin akwai masu cewa wai wanda ya iya harshe ba ya iya lissafi. Shi kam ya haɗa duka biyun.

Lissafi kuwa a wurin Shehu Muhammadu Bindu ya koye shi. Ya karanta ilmin hisabi, da ilmin sanin lokuta, da ilmin haruffa da hatimai, bisa tsarin malaman Magariba. Cikin malamansa har da Imam Muhammadu ɗan Sulaimanu, mutumin Barno da Bagarmi.

Me malami zai yi da lissafi?

Wata za ta ce, to, ina ruwan malamin zaure da lissafi? Ai kuwa ba ya rabuwa da shi. A zamanin da babu agogo, da inuwa ake sanin lokacin salla. Sai an san tsawon sanda, an san tsawon inuwarta da rana tsaka, sa'an nan a san lokacin da la'asar ta shiga. Wannan dangantaka ta tsawon abu da inuwarsa ita ce tushen darasin da yau ake kira tirigonometiri.

Babba kuma shi ne rabon gado, wanda ya shafe mu ƙwarai mu mata. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da uwa, da ɗa namiji, da 'ya mace. Matar tana da tumunin takaba, watau kashi 1 cikin 8. Uwa tana da sudusi, kashi 1 cikin 6. Mai rabo sai ya nemi lambar da 8 da 6 duk suke shiga, ya sami 24. Mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saura 17. Ga shi kuwa 17 ba ta rabuwa uku, yadda namiji zai sami biyu mace ta sami ɗaya. Sai ya ninka kome sau 3, dukiya ta zama kashi 72: mata 9, uwa 12, ɗa 34, 'ya 17. Ki tara su ki gani, 72 ne cif. Matar da ta san wannan ba a yi mata rufa-rufa ranar rabo. Ba banza ba Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin Aljabaru a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ba da babban kashi na littafin ga matsalolin gado da wasiyya. Daga sunan littafin nan ne aka sami kalmar aljebra da ake koya muku a makaranta.

Tafiya gabas

Malam Muhammadu ya bar gida ya nufi aikin hajji. A lokacin tafiya ce ta ƙasa, a ƙafa ko a kan dabba, mutum ya yi watanni ko shekaru kafin ya isa, wani ma ba ya dawowa. Ya ratsa ƙasashe da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. Ya yi hajji a shekara ta 1142 bayan hijira, daidai da 1730, ya kuma zauna a Makka na ɗan lokaci. A can ya fara rubuta babban littafinsa mai suna Addurrul Manzum, sa'an nan ya wuce Alƙahira ta ƙasar Masar ya kammala shi a watan Rajab na 1146, watau ƙarshen 1733.

A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasan Aljabarti, babban malami masanin fiƙihu da taurari da lissafi, wanda kakanninsa suka fito daga wajen ƙasar Habasha. Ku dubi wannan abu da kyau. Alƙahira gari ne mai masallacin Azhar, inda ɗalibai suke zuwa daga ko'ina su sha ilmi. Amma ga baƙo daga ƙasar Hausa, mai masaukinsa da duk girmansa ya zauna ya koyi ilmin hatimai a wurinsa.

Ya rubuta littafi a kan nahawu mai suna Bulugul Arabi, ya kuma yi wani a kan manɗiƙi, watau ilmin tsara hujja. Amma wanda ya sa masana lissafi na duniya suke ambatonsa shi ne Bahjatul Afaƙ, na shekara ta 1732, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimi.

Mene ne hatimi?

Kusan kowaccenmu ta taɓa ganin hatimi a jikin allo ko takarda: zane mai kusurwa huɗu, an tsaga shi gida-gida, kowane gida da lamba ko harafi. Gaskiya ne mutanen zamaninsa, har da shi kansa, sun haɗa wannan ilmi da sha'anin laya da taurari, malamai kuma sun daɗe suna saɓani a kan haka. Wannan ba shi ne zancenmu ba yau. Abin da ya shafe mu shi ne lissafin da ke ciki, wanda kowace yarinya za ta iya gwadawa da fensir.

Ki zana gida 9, uku-uku. Ana so ki zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, yadda in kin tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za ki samu. Ga shi:

8 1 6
3 5 7
4 9 2

Ko ta ina kika bi, 15 ne. Mai haƙuri za ta iya samun wannan da gwaji, ta rubuta ta goge har ta dace. Amma in gidajen suka zama 25, ko 49, ko 121, gwaji ba ya fid da kowa, sai a shekara ana abu ɗaya. A nan ne aikin Malam Muhammadu ya fito. Ya rubuta ƙa'idoji na gina hatimin da yawan gidajen layinsa mara ne, watau lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, kamar 3 da 5 da 7 da 9. In kin riƙe ƙa'ida, girman hatimi ba ya ba ki tsoro.

Bari in koya muku wata hanya mai sauƙi daga cikin waɗanda masana wannan fanni suka sani. Ki sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga nan kowace lamba ki hau da ita gida ɗaya sama, ki karkata gida ɗaya dama. In hawan ya fitar da ke ta sama, ki dawo ƙasan wannan jeri. In ya fitar da ke ta dama, ki dawo farkon wannan layi ta hagu. In kin tarar gidan da mai shi, ko kuwa kin kai kusurwar sama ta dama, sai ki sa lambar a ƙarƙashin wadda kika rubuta yanzu. Ki bi hatimin da ke sama daga 1 har 9, za ki ga haka aka gina shi.

To, me ya sa 15, ba 14 ko 16 ba? Ki tara 1 zuwa 9, za ki sami 45. Layi uku ne za su raba 45 ɗin daidai, kowane ya sami 15. A hatimi mai biyar-biyar, 1 zuwa 25 sun tashi 325, a raba wa layi 5, kowane 65. Akwai ma gajeriyar hanya. Ki ninka yawan gidajen layi da kansa, ki ƙara 1, ki sake ninkawa da yawan gidajen layin, ki raba biyu. Na bakwai-bakwai: 7 sau 7, 49, a ƙara 1, 50, sau 7, 350, rabinsa 175. In kika gaji da maimaita dogon bayani, kika ce bari in sa harafin n a madadin yawan gidajen layi, kika rubuta n × (n × n + 1) ÷ 2, to, kin shiga aljebra ke nan. Ba wani dodo ba ne. Harafi ne ya tsaya a madadin kowace lamba, don magana ɗaya ta wadatar wa hatimi dubu.

Haɗa harafi da lamba kuwa ba sabon abu ba ne a wurinmu. A hisabin malamai alif 1 ne, ba 2, jim 3, dal 4, haka har sama. Da wannan ne marubuta waƙoƙin ajami suke ɓoye shekarar da suka yi waƙa cikin kalma ɗaya a ƙarshenta, abin da ake kira ramzi. Malam Muhammadu ya yi bayanin wannan ma.

A cikin littafinsa ya yi wa ɗalibai nasiha kada su fid da rai in abin ya yi musu wuya, ya nuna musu cewa wannan fanni ba ya samuwa sai da naci. Wanda ya bi malami shekara 4 gida da daji ya san abin da yake faɗi.

Rasuwarsa

Allah bai nufe shi da komawa gida ba. Ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1154 bayan hijira, daidai da 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti. Kafin ya cika ya naɗa mai masaukin nasa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, ya gina kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a jiki.

Bayan shekara goma sha wani abu aka haifa wa Shehu Hasan ɗa, Abdurrahman Aljabarti, wanda ya zama babban marubucin tarihin Masar. Bai ga Malam Muhammadu da ido ba, amma ya tashi a gidan da ake ambatonsa, ya kuma sa tarihinsa cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Yawancin abin da na ba ku yau daga can ya samo asali. Abin tausayi a nan shi ne, littattafansa can suka zauna, mu nan gida sunansa ya kusa ɓacewa. A 1967 Malam Hassan Gwarzo ya rubuta maƙala a kan bayaninsa na ramzi a wata mujallar bincike ta Jami'ar Ibadan. A 1973 wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta sa shi cikin littafinta a kan lissafin mutanen Afirka, daga nan ɗaliban ƙasashe da yawa suka san shi. Akwai kwafen rubutunsa na hannu a ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan.

Daga hatimi zuwa jami'a

Yanzu bari mu dawo kan 'ya'yanmu. Yarinyar da ta shiga jami'a a Nijeriya don karatun kimiyya ko injiniya, a shekarar farko za ta gamu da darussa biyu. Na farko, MTH 101, aljebra ne da tirigonometiri, a ciki har da tara jerin lambobi irin 1 zuwa 25 da muka yi ɗazu. Na biyu, MTH 102, shi ne kalkulas, wanda sunansa kaɗai yake sa gaban ɗalibai faɗuwa.

Kalkulas tambaya biyu yake amsawa. Ta farko, saurin canjin abu a daidai wani lokaci. Motar da ta tashi daga Daura ta isa Katsina cikin awa ɗaya, an ce ta yi gudun kilomita 80 a awa, alhali kuwa wani wuri ta yi gudu, wani wuri ta rage, wani wuri ta tsaya ɗaukar fasinja. To, nawa ne gudunta a daidai ƙiftawar ido guda? Ta biyu, tara ƙananan abubuwa masu yawan gaske. Tulu cikinsa ba miƙaƙƙe ba ne, ga ƙunci a wuya ga faɗi a ciki. In kina son sanin ruwan da zai ci, sai ki ɗauka kin yanka shi faifai-faifai sirara, ki auna kowane faifai, ki tara. Gwargwadon sirantar faifan, gwargwadon kusantar amsa ga gaskiya. A Alƙahirar nan da Malam Muhammadu ya rasu, wajen shekara 700 kafin zuwansa, Ibnul Haisam ya yi amfani da tara jerin lambobi ya fitar da girman cikin wani abu mai lanƙwasa. Daga baya Newton na Ingila da Leibniz na Jamus suka tsara fannin gaba ɗaya, Leibniz ya buga nasa a 1684. Kun ga ashe tsani ɗaya ne: tarawa da rabawa a ƙasa, aljebra a tsakiya, kalkulas a sama. Wadda ta tsallake matakin ƙasa ita ce take faɗowa.

Masu cewa abin na maza ne kuma, ga amsarsu. Shekara 7 bayan rasuwar Malam Muhammadu, a 1748, wata mace 'yar Italiya mai suna Maria Agnesi ta buga littafin koyar da matasa wanda ya ɗauko tun daga aljebra har kalkulas, aka fassara shi zuwa Faransanci da Ingilishi. A nan gida Nijeriya, Grace Alele-Williams ta sami digirin dakta a fannin koyar da lissafi a 1963, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a ƙasar nan, watau Jami'ar Benin, a 1985.

Malam Muhammadu sai da ya ƙetare ƙasashe. Ku kuwa ilmi ya zo muku har ƙofar gida. A Daura akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda aka aza harsashinta a wannan shekarar, a Katsina ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Duk wadda take son karatun injiniya ko kwamfuta a waɗannan wurare, lissafi ne mabuɗinta.

Uwargida, ko ba ki taɓa shiga aji ba, kada ki ce ba ki da abin yi a nan. Ke da kike riƙe adashin mutum 20 a ka ba ki taɓa ruɗewa ba, kike sanin mudu nawa na gyaɗa zai ba ki kwalabe nawa na mai, ai lissafi kike yi kullum. Ki sa 'yarki ta riƙa rubuta miki cinikin rana. Ki rage mata talla da aikin gida a lokacin da take bitar darasi. In ta faɗi jarrabawa kada ki ce mata dama ba na mata ba ne, ki tambaye ta inda abin ya fara kuɓuce mata, ku nemi malami ko yayarta a koma can a gyara. Ku kuma 'yan makaranta, kada kunya ta hana ku ɗaga hannu a aji. Mai tambaya ba ya ɓata.

Ga aikin gida kafin mu sake saduwa. Kowace ta zana hatimi mai gida 25, ta zuba 1 zuwa 25 bisa ƙa'idar da na koya muku. In kin bi daidai, layin sama zai fito 17, 24, 1, 8, 15, kowane layi kuma zai ba ki 65. In bai fito ba, ki goge ki sake, ki duba inda kika kauce wa ƙa'ida. In ya fito, ki koya wa ƙanwarki, ki gaya mata sunan Bakatsinen da ya rubuta littafi a kan wannan a 1732.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya ba 'ya'yanmu basira.